Littafin raƙuman ruwa na Busua, 2024

Asabar, 13 ga Janairu

Yau na buɗe littafin. Niyyata ita ce in yi shekara guda ina zuwa bakin tekun Busua, a yammacin Ghana, duk Asabar da na samu hali, in rubuta abin da idona ya gani: tsayin raƙuman ruwa, tazarar da ke tsakaninsu, inda iska ta fito, ko teku ta cika ko ta janye, da kwanan wata na sama. Shekara biyu ke nan ina hawan igiyar ruwa a kan allo, amma har yau sa'a nake bi. Wata ran in baro Takoradi da asuba, in hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, in kama tasi zuwa Busua, in tarar da teku a kwance kamar tabarma. Wata ran kuma in tarar tana hauka. Na gaji da ɓarnar kuɗin mota. Kuma akwai ɗan Yayata mai shekara 13 da ya matsa mini sai na koya masa, ni kuwa ba zan sa ɗan mutane cikin ruwan da ni kaina ban iya karanta shi ba.

Ƙarfe 6:20 na isa. Hazo ya rufe tsibirin Abokwa, sai inuwarsa kawai ake hange. Iska daga tudu take busowa, mai sanyi, busasshiya, har leɓe na tsagewa. Hunturu ne, wanda kakana ke ba mu labarinsa na Kano, ƙurar da ke tasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi, ta ratsa Nijar da Najeriya da arewacin Ghana, ta zo nan ta ƙare a teku. Ga mai hawan allo babu iskar da ta fi ta. Takan tokare fuskar raƙumi ta hana shi saurin faɗuwa, ta goge shi sumul. Na tsaya ina kallon wani ƙarami da ya taso, bai wuce ƙuguna ba. Da ya ɗaga kai zai karye, iskar ta tsefe masa baki, feshin ruwan ya koma baya fari fat kamar an watsa gari, cikinsa kuma kore shar har ana ganin yashi ta cikinsa. Kyau iya kyau, sai dai babu ƙarfi. Tazara daƙiƙa 9. Na hau shida, babu wanda ya kai ni nisan taku ashirin.

Asabar, 27 ga Janairu

Kwana biyu bayan cikar wata. Wajen ƙarfe 11 teku ta ja baya sosai, na samu damar taka ƙasan da nake hawa a kai. Busua babu dutse ko murjani a inda muke wasa, yashi ne zalla, shi ne kuma yake yanke hukunci. Na tarar da tudun yashi mai tsawo, ruwa iya gwiwa a kansa, sai wani kwararo mai zurfi da ya yanke shi a tsakiya, ruwa har ƙirji. Na zana su a littafi, na yi alama da wata bishiyar kwakwa mai karkata da ke daidai saitin kwararon.

Wani dattijo da ke gyaran taru a gindin kwalekwalensa ya tambaye ni da Fante me nake rubutawa. Da na yi masa bayani, sai ya ce, “Malam, ku da kuke duban wata saboda azumi, ai kun riga kowa sanin teku. Duba sama kawai.” Na ce, “Egya, ƙara mini.” Egya shi ne “Baba” da Fante. Ya ce duk sabon wata da duk cikar wata, teku takan cika fiye da kullum ta kuma janye fiye da kullum, kuma a nan cikarta takan faɗo wajen ƙarfe huɗu, na dare da na yamma. Na ƙara layi a littafin don kwanan watan Musulunci.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Wata ya yi kusan rabi a sama. Da na iso teku na cikin hawowa, ba ta cika ba sai bayan ƙarfe 10. Raƙuman ba su fi na Janairu girma ba, amma sun fi su tsari: suna karyewa a kan tudun, su warware zuwa dama har bakin kwararon. Ina zargin nan sirrin yake, wato asubar da ta haɗu da ruwa mai hawowa. Gani ɗaya ba ya zama hujja, na dai sa masa tauraro.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya kusa rabi. Ba na shiga ruwa da azumi a bakina, domin duk iyawarka sai ka kurɓi na gishiri. Na zauna a inuwa da agogo a hannu daga ƙarfe 6 zuwa 9, kuma in faɗi gaskiya, abin da na koya yau a zaune ya fi na wata biyu a cikin ruwa.

Teku ta canza murya. Raƙuman sun daina zuwa ɗaya bayan ɗaya a hargitse, yanzu ayari suke zuwa. Sai a yi minti shida ko bakwai shiru, har ka ce ta mutu, sai ka hangi layuka masu duhu a bayan Abokwa, huɗu ko biyar a jere, kowanne da faɗin gaɓar gaba ɗaya. Na ƙirga tazara sau goma, tana tsakanin daƙiƙa 13 da 14.

Wannan ƙirgen shi ne na daɗe ban ba shi haƙƙinsa ba. Ina ta kallon tsayi, ashe tazara ce ke gaya maka asalin raƙumi. Mai daƙiƙa 7 ko 8 ɗan gida ne, iskar da ke kaɗawa kusa da mu ce ta haife shi, bai yi tafiyar da za ta daidaita shi ba. Mai daƙiƙa 14 kuwa baƙo ne daga nesa. A can kudancin Atlantika, tsakanin ƙasan Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, guguwa kan yi kwanaki tana dukan ruwa. Abin da ta tayar sai ya kamo hanyar arewa, kuma babu wata ƙasa da za ta tare shi har gaɓar Ghana, tafiyar kilomita dubu biyar ko fiye. Ayarin irin wannan raƙumi yana cin kusan kilomita 40 a awa, ke nan kwana biyar zuwa shida yana hanya. A tsakiyar teku, daga kan wannan zuwa kan na bayansa ya kai mita 300, alhali na daƙiƙa 8 bai wuce mita 100 ba. Shi ya sa in ya taka tudun yashinmu yake miƙewa da nauyin da idonka bai yi tsammani ba: ruwan da ke bayansa yana da yawa.

Kuma lokacin sanyinsu na can, daga Mayu zuwa Satumba, shi ne lokacin manyan guguwar. Wato daminarmu ce kakar manyan raƙuma. Matsalar ita ce a daminar iska daga kudu maso yamma take, daga teku, tana tura raƙumi ta baya ta dagula shi. Da hunturu ga iska babu raƙumi, da damina ga raƙumi babu iska. Duk aikin littafin nan neman ƙofar da ke tsakanin biyun ne.

Asabar, 13 ga Afrilu

Bayan Sallah. Na zo da yaron, bayan Yaya ta sa na rantse ba zai wuce ƙugu ba. Ban ba shi allo ba. Na tsayar da shi a saitin kwakwar nan mai karkata na ce ya nuna mini inda ya fi aminci. Nan take ya nuna kwararon. “Kawu, can, ai can babu igiya.”

Abin da na ji tsoro ke nan, kuma abin da ke cin yaranmu na Zango ke nan duk ranar biki. Wurin da ya yi lumui, ruwansa ya yi duhu, babu farin kumfa, shi ne hanyar da duk ruwan da raƙuma suka jibge a gaɓa yake bi ya koma ciki. Na jefa ɓawon kwakwa a bakinsa, muka tsaya. Ya ɗan yi jujjuyawa a wuri ɗaya, sai ya miƙe ciki kamar an ɗaura masa zare ana ja. Kafin yaron ya ƙirga arba'in ya wuce inda raƙuma ke karyewa. Ya yi shiru. Na ce masa in wannan hanyar ruwa ta taɓa kama shi kada ya yi kokawa da ita, ya kwanta a kan ruwa ya huta, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga kwararon, sannan ya bar kumfa ta turo shi gida. Na sa ya maimaita sau uku.

Iskar tudu ta tsaya ƙarfe 9:15. Zuwa 10 ta juyo daga teku.

Asabar, 25 ga Mayu

Ruwan sama ya yi kwana uku. Rafin da ke yammacin gari ya fasa bakinsa ya malalo teku, ruwa ya koma launin koko, da robobi da rassan itace. Ban shiga ba, ruwan bayan ambaliya na sa ciwon kunne da na ciki.

Abin da ya fi damuna, zanena na Janairu ya tashi aiki. Tudun yashin ya matsa ciki, kwararon ya bar saitin kwakwar ya koma gabas da kusan taku sittin, wani sabo kuma ya buɗe kusa da inda ake jan kwalekwale. Raina ya ɓaci, wata huɗu ina auna wuri ashe wurin tafiya yake. Da na huce na gane wannan ma abin rubutawa ne. Manyan raƙuma suna kwashe yashin gaɓa su kai ciki, ƙanana su dawo da shi a hankali, ruwan gaɓar nan kuma gabas yake tura yashi. Daga yau duk zuwa sai na sake zane.

Asabar, 22 ga Yuni

Zan rubuta wannan yadda ya faru, domin littafin ba shi da amfani in na ɓoye.

Manhajar hasashen da ke wayata ta nuna raƙuma masu kyau, daƙiƙa 14. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne yashin Busua, ni kuwa na sani, ga shi a rubuce da hannuna: ranar cikar wata, ƙarfe 9 na safe, teku na gab da ƙarshen janyewa. Raƙumi yakan karye ne in zurfin ruwa ya yi kusa da tsayinsa, mai mita ɗaya a ruwan mita ɗaya da 'yan kai. In ruwan kan tudu ya yi ƙasa sosai kuma raƙumin ya fi ƙarfinsa, ba ya warwarewa ta gefe, gaba ɗaya yake rufowa kamar katanga ta faɗi. Na ga haka daga gaɓa. Yaran garin da suka fi ni iyawa suna zaune a kan allunansu a gaɓa, babu wanda ya shiga. Ni na ce na biya kuɗin mota.

Na uku a ayarin ne ya same ni. Ya fi tsayina. Na tashi tsaye, kan allon ya nutse, sai na ji an ɗaga ni an maka da ƙasa. Kafaɗata ta daki yashi, kunnuwana suka cika da ƙara, na rasa sama da ƙasa. Na ji maɗaurin da ke haɗa ƙafata da allon ya miƙe, ya miƙe, sai ya saki. Da na ɗago, allon na can yana tafiya gaɓa, ni kuma ina cikin sabon kwararon, bishiyoyi suna ƙanƙancewa.

Abin da na gaya wa yaron shi na yi, amma sai da na fara yin abin da na hana shi. Na yi ta sheƙa hannu kai tsaye zuwa gaɓa har numfashina ya fara yankewa. Sannan na tuna, na kwanta rigingine, na yi salati, na bar hanyar ruwan ta kai ni inda ƙarfinta ya ƙare. Wani saurayi ɗan garin ya tuƙo allonsa ya same ni, ya ce in riƙe wutsiyar allon. Allah Ya saka masa da alheri. Egya na tsaye a gaɓa riƙe da allona, hancin allon ya fashe a jikin kwalekwale. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Malam, littafin naka ba ka karanta shi ne?”

Na gaya wa Mma, mahaifiyarmu, da dare, ban rage komai ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, “Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yaron nan ba zai ƙara binka ba sai na ce.” Gaskiyarta.

Asabar, 6 ga Yuli

Ban je ba, gyaran allo na yi a shagonmu na Kokompe, unguwar makanikai. Aikina gyaran jikin mota ne, zaren gilashi da ruwan gam ba baƙi ba ne a hannuna, amma akwai tarko. Cikin allon nan farin soso ne irin wanda ake kare firiji da shi a kwali, kuma gam ɗin da muke gyaran bamba da shi narkar da irin wannan soso yake. Na gwada ɗigo ɗaya a kan ɓallin da ya fita, ya cinye shi ya bar rami. Sai da na nemo epoxy, wani irin gam da ba ya narkar da wannan soso. Na bar allon mako biyu hancinsa ƙasa har ruwan ciki ya tsane, na yanke ruɓaɓɓen wurin, na cika, na shimfiɗa zare ninki biyu, na goge da takarda mai laushi. Ya ɗan ƙara nauyi a gaba. Sabon maɗauri na saya, tsohon ashe gishiri da rana sun cinye shi a gindi, ban taɓa dubawa ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Sanyi. Na sa ma'aunin zafi a ruwa, digiri 22, alhali a watan Afrilu digiri 29 na samu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yakan taso sama a gaɓar nan, ya zo da abincin kifi, shi ya sa kwalekwale ke dawowa shaƙe da ƙananan kifin da mata ke banda. Garin duk hayaƙi da ƙamshi. Sama ta yi toka-toka, babu rana. Minti arba'in na yi haƙorana suka fara haɗuwa.

Raƙuma har ƙirji, daƙiƙa 12, amma iskar teku ba ta kwanta ba ko da asuba, fuskar ruwa duk ƙuraje. Ga ciyawar tekun nan mai ruwan ƙasa da ta addabi gaɓar yamma tun wajen 2011, tana naɗe ƙafa tana wari in ta ruɓe a tudu. Masunta sun fi mu shan wahalarta, ita ke cika musu taru. Na ci dokunu da kifi mai zafi na koma gida.

Asabar, 21 ga Satumba

Na zauna na tace littafin. Sau 29 na zo. Waɗanda na sa wa tauraro guda bakwai ne, kuma shida daga cikinsu sun faɗo ne tsakanin 6 da 9 ga watan sama, ko tsakanin 21 da 24. Dalilin a fili yake yanzu. Cikar teku takan yi jinkirin kusan minti 50 kowace rana. In ranar sabon wata ta cika wajen ƙarfe huɗu, bayan mako guda sai wajen goma na safe, ke nan daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara ruwa na hawowa, daidai lokacin da iskar tudu ba ta mutu ba. A waɗannan kwanakin kuma bambancin cika da janyewa kaɗan ne, tudun ba ya bushewa, kwararo ba ya yin zafin ja. Bambancin gaba ɗaya a gaɓar nan bai fi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, amma a kan yashi taƙi biyu ma na canza komai.

Na kai wa Mma littafin, na nuna mata shafin 22 ga Yuni da na yau. Ta juya shafukan a hankali. Ta ce in jira ruwan sama na biyu ya wuce.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Bakwai ga Jimada Ula. Tun ranar Laraba na ga alamar raƙuma masu daƙiƙa 12 na tafe, ba manya ba. Mma ta yarda. Muka yi sallar asuba a Agona Nkwanta, ƙarfe 6 muna kan yashi.

Babu iska sai ɗan numfashi daga tudu, hayaƙin masu banda yana karkata zuwa teku, alamar da na fi yarda da ita yanzu fiye da waya. Na sa yaron ya nemo kwararon da kansa. Ya duba, ya duba, ya nuna shi daidai, ya ma nuna mini wani ƙarami da ban lura da shi ba. Muka yi nesa da su.

Na riƙe masa allon a ruwa iya ƙugu, inda raƙumi ya riga ya karye ya zama kumfa. Sau takwas yana faɗuwa, kullum don yana kallon ƙafarsa. Na ce ya kalli kwakwa. A na tara na tura shi, ya dafa, ya jawo ƙafar hagu gaba, ya miƙe a karkace hannuwansa a buɗe, gwiwoyinsa na rawa, kumfa ta ɗauke shi har sai da fiffiken allon ya ja yashi. Ya juyo yana ihu, “Kawu! Kawu, ka gani?” Na gani.

Ni ma na samu rabona kafin tara. Har kafaɗa, sumul, yana warwarewa zuwa dama ba gaggawa, na bi shi har na ƙirga goma sha ɗaya. Iska ta juya ƙarfe 9:40.

Asabar, 14 ga Disamba

Makon jiya zaɓe ne, ban zo ba. Hazo ya fara dawowa, raƙuma sun koma iya ƙugu, daƙiƙa 10. Gobe cikar wata, don haka awon yashi na zo yi: tudun ya matso gaɓa, kwararon ya fara komawa wajen kwakwa mai karkata, saura taku ashirin da biyar ya kai inda na same shi a Janairu. Ina so in ga ko zai kai.

Littafin saura shafi huɗu, na sayi na biyu. A cikinsa zan ƙara layin zafin ruwa da na lokacin juyawar iska tun daga shafin farko, in kuma riƙa zuwa wata Talatar, ranar da masunta ba sa fita, don in ga gaɓar babu kwalekwale a ruwa. Yaron ya kawo abokansa biyu, iyayensu sun ce sai sun zo sun ga wurin da idonsu. Asabar mai zuwa, 21 ga Disamba, teku za ta cika wajen ƙarfe 8:30. Na ce su same mu a tashar mota ƙarfe 4:30, kuma ranar babu mai taɓa allo sai ya jefa ɓawon kwakwa ya nuna mini inda ya bi.